Ferdinand Porsche, Maƙerin Boswaja da Tankokin Hitila

Wanda ya tashi a ƙasar Kura ko ta Bunkure ya san motar kara da motar langa-langa. Yaro zai zauna bakin hanyar ruwa da ta taso daga madatsar Tiga, ya zura wa tarakta ido, sa'an nan ya koma gida ya fere kara, ya lanƙwasa ƙarfe, ya fito da kamanninta. A ƙasashen Turai da Japan akwai irin wannan sha'awa, sai dai can har dattawa suna yi, kuma kamfanoni ne ke zuba sassan da roba su sa a kwali. Mai saye shi zai yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya manne da gam, ya shafa fenti. Abin da aka fi so a wannan fage shi ne manyan tankokin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a bayan kwalayen nan suna ɗaya yake yawan fitowa, wato Ferdinand Porsche. Mu a nan mun san aikinsa ko da ba mu san sunansa ba, domin shi ne ya zana Boswaja, motar da aka soma harhaɗawa a Legas a 1975.

An haifi Porsche ranar 3 ga Satumba, 1875, a garin Maffersdorf na ƙasar Bohemiya, wadda a lokacin take ƙarƙashin daular Ostiriya, yau kuwa tana cikin Jamhuriyar Cek. Mahaifinsa maƙerin kwano ne, kuma ya so ɗan ya gaje shi. Amma hankalin yaron yana ga lantarki, har ya jawo wuta a gidansu tun yana saurayi. Yana ɗan shekara 18 ya tafi birnin Biyana ya kama aiki a wani kamfanin kayan lantarki, yana leƙa darussan babbar makarantar fasaha bayan ya tashi aiki. Bai taɓa yin digiri ba. Lakabin dakta da ya shahara da shi na girmamawa ne.

A 1900 aka nuna motarsa mai suna Lohner-Porsche a bajekolin birnin Faris. Ba ta da giya ko sarƙa, a cikin ƙafafunta aka dasa injinan lantarki. Da ya ga batura sun yi nauyi ainun, sai ya ƙara injin fetur wanda aikinsa kawai juya janareta, ita kuma ta ba ƙafafun wuta. Mai karatu ya riƙe wannan dabara, don kuwa ita ce ta ɗaukaka Porsche, ita ce kuma ya ƙi saki har ta kunyata shi bayan shekara arba'in. A Yaƙin Duniya na Farko, yana shugaban masu zane a Austro-Daimler, da ita ya ƙera wa sojan Ostiriya jerin taragai masu bin hanyar mota. Daga nan ya koma Daimler a Stuttgart a 1923, ya bar su bayan saɓani da magabatansa, ya buɗe ofishin zane na kansa a 1931.

Hawan Hitila mulki a 1933 shi ya buɗe masa ƙofa. A 1934 aka ba shi kwangilar zana motar da talaka zai iya saya, a 1937 ya shiga jam'iyyar Nazi, a 1938 aka aza harsashin masana'antar. Jamusawa fiye da 300,000 suka riƙa zuba kuɗi kamar adashi, amma yaƙi ya ɓarke a 1939, masana'antar ta koma ƙera motocin soja, ba wanda ya karɓi motarsa.

A watan Mayu na 1941 Hitila ya umarci kamfanin Henschel da ofishin Porsche kowa ya fito da babbar tanka mai ɗauke da igwa mai faɗin baki milimita 88. Henschel suka bi hanyar da aka saba, inji ɗaya da giya. Porsche kuwa ya koma ga tsohuwar dabararsa: injinan fetur biyu, kowanne da janaretarsa, da injinan lantarki biyu masu jan sarƙoƙin. A takarda abin ya yi kyau, domin direba ba ya fama da canja giya. Aka gwada tankokin biyu gaban Hitila ranar 20 ga Afrilu, 1942, aka ci gaba da gwaji har kaka. Injinan Porsche suka yi ta zafi suna lalacewa, ga shi kuma tsarin yana cin jan ƙarfe mai yawa, alhali Jamus tana ƙarancinsa. Kafin shekara ta ƙare aka zaɓi ta Henschel, ita ce Tiger wadda aka ƙera kimanin 1,350.

Sai dai Porsche ya riga ya amince da matsayinsa wurin Hitila, har an soma haɗa gangunan tasa tankar tun ba a yanke hukunci ba. Don kada a yi asararsu, aka ɗora wa kimanin 90 daga cikinsu ɗakin ƙarfe marar juyawa da doguwar igwa, aka raɗa musu sunansa, Ferdinand. Kowace ta kai tan 65. A watan Yuli na 1943 aka kai su gwabzawar Kursk a ƙasar Rasha. Gaskiya ne igwarsu ta hallaka tankokin Rasha masu yawa daga nesa, kuma da wuya harsashi ya huda gabansu. Amma an tura su ba tare da ƙaramar bindiga mai sarrafa kanta ba, wadda za su kare kansu daga sojan ƙasa, kuma nakiyoyi da lalacewar inji sun fi igwar abokan gaba yi musu ɓarna. Manomin shinkafa a Kadawa zai fi kowa gane wannan: ya san yadda tarakta ke kafewa a taɓo, da wahalar da ake sha kafin a jawo ta. To, ina ga abu mai tan 65, ana kuma ruwan wuta a kansa? Da yawa masu tuƙinsu ne suka fasa su da hannunsu suka bar su a fili. Waɗanda suka tsira, kusan 50, aka gyara su aka sake musu suna Elefant, wato giwa.

Duk wannan bai sa ya sassauta ba. Ya shiga zana wata tanka mai tan 188, wadda ba a taɓa ƙera mai nauyinta ba har yau, kuma don ba'a ko don ɓad da sawu aka kira ta Maus, wato ɓera. Ba gadar da aka amince za ta ɗauke ta, saboda haka aka tsara ta riƙa ratsa kogi ta ƙarƙashin ruwa, 'yar'uwarta tana bakin gaɓa tana aika mata wuta ta waya. Guda biyu kaɗai aka haɗa. A ƙarshen 1943 aka sauke Porsche daga shugabancin kwamitin tankoki.

A ganina, nan ne siffar roba take ruɗin mai ita. Ma'aunin da aka fi amfani da shi, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa tun farkon shekarun 1960, shi ne kashi ɗaya cikin 35. A wannan ma'auni Tiger da igwarta ba ta wuce santimita 24 ba, ɓeran Porsche kuwa kimanin 29. Gwanayen abin suna kwaikwayon tsatsa da taɓo, har da wani kwaɓi mai zane-zane da Jamusawa suka riƙa yaɓa wa tankoki daga 1943 zuwa 1944 don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne. Sunan Porsche ma yana sayar da kwali: hular tankokin Tiger II guda 50 na farko ana kiranta hular Porsche, alhali kamfanin Krupp ne ya zana ta. Abin da ba ya shiga kwalin shi ne nauyi, da zafin inji, da hannuwan da suka yi aikin. Masana'antar Boswaja, wadda Porsche yake cikin shugabanninta, ta yi amfani da mutane kimanin 20,000 na aikin tilas, fursunonin yaƙi da waɗanda aka kwaso daga Folan da Rasha da Yahudawan sansanonin gwale-gwale. Jikokin mutanen da Turawan Ingila suka ɗiba dole zuwa haƙar kuza a Jos a shekarun yaƙin nan ba sa bukatar a fassara musu wannan kalma.

Bayan Jamus ta faɗi, Faransawa suka kama shi a watan Disamba na 1945, suka tsare shi fiye da shekara ɗaya da rabi, wani ɓangare a kurkukun Dijon, alhali ya haura saba'in. An sake shi a 1947 bayan iyalinsa sun biya beli, ba a kuwa same shi da laifi a shari'ar da ta biyo baya ba. Ya fito jiki ya raunana, ya tarar ɗansa Ferry ya riƙe kamfanin, wanda a 1948 ya fito da motar farko mai ɗauke da sunan gidan. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi a ƙarshen 1950, ya mutu a Stuttgart ranar 30 ga Janairu, 1951, yana da shekara 75, aka binne shi a Zell am See a Ostiriya.

Daga cikin tankokin Ferdinand, biyu suka rage, ɗaya a Amurka, ɗaya a gidan tarihin Kubinka kusa da Mosko. A can kuma ɓeran yake, Rashawa sun ɗora hular na biyun a kan gangar jikin na farkon.