Jadallah Jubara, wanda ya ɗauki fim ɗin ranar 'yancin Sudan

Ranar 1 ga Janairun 1956, da aka sauke tutocin Ingila da Masar a Khartoum, Jadallah Jubara na wurin da kyamararsa. An haife shi a 1920. Yana soja a Yaƙin Duniya na Biyu ya fara sanin harkar fim, daga baya ya ƙaro ilimi a Amurka. A 1974 ya buɗe Studio Gad, kuma shi ya shirya Tajuj, tsohon labarin soyayyar nan na gabashin Sudan.

Da tsufa ya zo ya makance, amma fa bai ajiye aiki ba. 'Yarsa Sara ce ta zame masa ido. Abin takaici, gwamnati ta rushe situdiyon a 2008, shekarar da ya rasu. Allah ya jiƙansa.