Pearl Buck: Marubuciyar da neman kuɗin makarantar 'yarta ya kai ta ga lambar Nobel

A watan Mayun 1950 mujallar Ladies' Home Journal ta Amurka, wadda matan aure suka fi karantawa, ta buga wani dogon rubutu na Pearl Buck. Sunan ba baƙo ba ne ga masu karatu, domin ita ce macen Amurka ta farko da ta samu lambar yabo ta Nobel a fannin adabi. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne tana da 'ya mai shekara 30 wadda fahimtarta ba ta wuce ta ƙaramar yarinya ba, kuma ta yi kusan shekara 20 tana tashe ba ta taɓa yin zancenta a bainar jama'a ba.

An haifi Pearl ranar 26 ga Yunin 1892 a jihar West Virginia, amma a ƙasar Sin ta girma, inda iyayenta ke aikin mishan. Ta tashi tana jin Sinanci kamar Turanci. A 1917 ta auri John Lossing Buck, masanin harkar noma, suka zauna a birnin Nanjing, inda ta haifi Carol a 1920. Jim kaɗan bayan haihuwar likitoci suka gano ƙari a mahaifarta suka yi mata tiyata, haihuwa ta tsaya ke nan.

Carol ta taso kyakkyawa, kuma a ido lafiyarta ƙalau. Sai dai ta kai shekara uku ba ta magana, ba ta zama wuri ɗaya, ba ta riƙe abin da aka koya mata. Maƙwabta da abokai suka riƙa kwantar wa uwar hankali cewa kowane yaro da lokacinsa. Ita ma ta so ta yarda da hakan, ta kuma yarda na wani lokaci.

A 1924 ta ɗauko yarinyar zuwa Amurka, ta shiga yawon asibitoci. Duk uwar da ta taɓa goya yaro daga wannan likita zuwa wancan ta san yadda abin yake: kowa ya duba, ya jinjina kai, ya ce a dai ci gaba da gwadawa, kuɗi na tafiya, zuciya na rataye. A asibitin Mayo da ke jihar Minnesota ne aka kawo ƙarshen wannan yawon. Bayan babban likita ya gama nasa bayanin mai laushi, wani likita mai karin harshen Jamusawa ya ja ta gefe ya gaya mata gaskiya ba kwana-kwana, cewa yarinyar ba za ta taɓa zama kamar sauran yara ba, ta daina ƙarar da rayuwarta da dukiyarta wajen neman magani, ta nema mata inda za ta zauna cikin jin daɗi. Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, amma har ƙarshen rayuwarta tana ganin mutumin ya yi mata alheri.

Duk da haka ba ta saduda nan take ba. Ta koma Sin ta duƙufa koya wa Carol karatu da rubutu da kanta. Wata rana tana riƙe da hannun yarinyar tana nuna mata yadda ake rubuta harafi, sai ta ji tafin ya jiƙe sharkaf da gumi. Nan ta gane yarinyar ba ta fahimtar abin da ake yi, tana wahalar da kanta ne kawai don ta faranta wa mahaifiyarta. Daga ranar ta sassauta.

Neman wurin ajiye amana

Abin da ya fi hana ta barci shi ne wa zai riƙe Carol idan ta mutu. Tsoron ba na banza ba ne. A watan Maris na 1927 sojoji suka shiga Nanjing, aka kashe wasu baƙi 'yan ƙasashen waje, ita da iyalinta suka wuni a ɓoye a bukkar wata talaka 'yar ƙasar kafin a kwashe su, daga bisani suka tsallaka Japan. Mijin kuma hankalinsa ya fi karkata ga bincikensa na gonaki, nauyin yarinyar kusan duk a kanta yake.

A 1929 ta sake zuwa Amurka ta bi makarantu da gidajen renon irin waɗannan yara ɗaya bayan ɗaya. Wasu tsada, wasu cunkoso, wasu kuwa an jera yara suna zaune wuni guda ba mai kula su. A ƙarshe ta zaɓi makarantar Vineland da ke jihar New Jersey, saboda ta lura shugabanta, Edward Johnstone, ya san yaran, su ma suna sakin jiki da shi. Can ta bar Carol tana da shekara tara, ta koma Sin. Sai da aka yi kusan shekara uku kafin su sake haɗuwa.

Makarantar ta kuɗi ce, ita kuma malamar jami'a ce mai ƙaramin albashi. Wannan ne ya zaunar da ita a wani ɗan ɗaki a saman gidansu na Nanjing, inda cikin kimanin wata uku ta rubuta labarin wani manomi ɗan Sin da matarsa. Littafin, The Good Earth, ya fito a 1931, ya fi kowane littafin labari kasuwa a Amurka shekara biyu a jere, ya ci lambar Pulitzer a 1932, sannan a 1938 aka ba ta Nobel. Wanda ya karanta shi zai tuna manomin yana da 'ya wadda ba ta magana, kuma babbar damuwarsa a tsufansa ita ce makomarta bayan ransa. Masu karatu a lokacin sun ɗauka ƙirƙira ce kawai.

Da kuɗi suka shigo, ta biya wa Carol kuɗin zama na tsawon rai, ta kuma gina gida a cikin makarantar domin ita da wasu 'yan mata. Amma bakinta ya ci gaba da zama a rufe. A wancan zamanin a Amurka ana ɗaukar irin wannan lalura a matsayin tabon zuri'a, jihohi da dama ma suna da dokar hana masu ita haihuwa ta hanyar tiyata. Ita kanta Pearl ta lura cewa talakawan Sin da ta zauna da su sun fi 'yan ƙasarta sauƙin kai a nan, don suna ɗaukar yaron a matsayin ƙaddara, ba sa ɓoye shi.

Abin da rubutun 1950 ya jawo

Rubutun mujallar ya fito a matsayin ƙaramin littafi mai suna The Child Who Never Grew, wato yarinyar da ba ta girma ba. Ba ta yi wa iyaye alkawarin waraka ba. Ta shawarce su su nemi likitan da zai gaya musu gaskiya da wuri, su daina jin kunya, su koya wa yaro iya abin da zai iya ɗauka, su kuma tanadi makomarsa tun suna da ƙarfi. Wasiƙu suka yi ta zuwa mata daga iyayen da kowannensu ya zaci shi kaɗai ne, aka kuma fassara littafin zuwa harsuna da dama.

A wannan shekarar ce ƙananan ƙungiyoyin iyaye suka taru a birnin Minneapolis suka kafa ƙungiya ta ƙasa, wadda a yau ake kira The Arc. Ba Pearl ce ta kafa ta ba, amma ganin mace mai irin darajarta ta fito fili ya sauƙaƙa wa wasu. A 1953 'yar fim Dale Evans ta rubuta littafi kan tata 'yar, a 1962 kuma Eunice Shriver, ƙanwar Shugaba John Kennedy, ta bayyana halin da 'yar'uwarsu Rosemary ke ciki. Matsin lambar iyaye irin waɗannan ne ya kai ga dokar 1975 da ta wajabta wa makarantun gwamnati a Amurka karɓar yara masu buƙata ta musamman kyauta.

Akwai abin da za a iya kushe mata. Ko a cikin littafin ba ta ambaci sunan Carol ba, kuma mafitar da ta nuna, wato kai yaro gidan reno na dindindin, masana sun juya mata baya daga baya, bayan an bankaɗo irin wulaƙancin da ake yi a wasu gidajen. A ganina dai, mai hukunta ta ya fara duba abin da ke gabanta a 1929, lokacin da makarantar gwamnati ke da ikon mayar da irin wannan yaro gida.

Sai da Carol ta manyanta aka gano ainihin abin da ya same ta: cutar gado ce da ake kira PKU. Jikin mai ita ba ya iya sarrafa wani sinadari da ke cikin madara da nama da ƙwai, sai ya taru a jini ya lahanta ƙwaƙwalwa tun yaro na jariri. Wani likitan ƙasar Norway, Asbjørn Følling, ne ya gano ta a 1934, shi ma saboda nacin wata uwa da ta dage cewa fitsarin 'ya'yanta biyu na da wani irin wari. A farkon shekarun 1950 likitoci a Birmingham ta Ingila suka nuna cewa abinci na musamman na rage ɓarnar, a farkon shekarun 1960 kuma Robert Guthrie, wanda shi ma yake da ɗa mai tawayar fahimta, ya fito da gwajin ɗigon jini daga diddigen jariri. Yaron da aka gano da wuri aka kuma kiyaye masa abinci yakan tashi da cikakken hankali. Carol ta riga wannan ilimin zuwa duniya da shekara 40.

Pearl Buck ta mutu ranar 6 ga Maris 1973 a jihar Vermont, bayan ta rubuta littattafai da dama ta kuma kafa Welcome House a 1949, cibiyar sama wa yara 'yan asalin Asiya da ruwa-biyu iyayen riƙo. Carol, wadda aka sani da son sauraron kiɗa, ta ƙara shekara 19 a Vineland bayan mahaifiyarta. Ta mutu a 1992 tana da shekara 72.