Tarihin Barthélemy Boganda, Marayan Da Ya Tsallaka Iyaka Neman Ilimi

Duk wanda ya taɓa ɗauko kaya daga tsakiyar birnin Bangui zuwa kasuwarmu ta Kilomita Biyar ya san titin Boganda, haka kuma kowa ya san cewa ranar 29 ga watan Maris ta kowace shekara hutu ce a wannan ƙasa saboda tunawa da shi. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san irin wahalar da wannan bawan Allah ya sha a matsayinsa na baƙon ɗalibi a makarantun mishan na ƙasashen waje kafin ya zama abin da ya zama.

An haifi Boganda a wajajen shekarar 1910 a ƙauyen Bobangui da ke yankin Lobaye, cikin ƙabilar Mbaka. A wancan zamani Turawan Faransa sun damƙa dazuzzukan yankin ga kamfanonin roba, waɗanda ke tilasta wa talakawa tara musu danƙo. Mahaifiyarsa ta rasu ne sakamakon dukan da ma'aikatan irin wannan kamfani suka yi mata, mahaifinsa ma bai yi tsawon rai ba. A shekarar 1920 yaron ya kamu da cutar agana, inda aka kai shi gidan marayu a Mbaïki. A nan ne wani Fada mai suna Gabriel Herriau ya lura da kaifin ƙwaƙwalwarsa, ya tafi da shi mishan ɗin Bétou, inda ya fara koyon karatu da rubutu da harshen Lingala. A ƙarshen 1921 aka kawo shi mishan ɗin Saint Paul da ke Bangui, ya koyi Faransanci, aka yi masa baftisma a watan Disamba na 1922.

Da ya gama firamare a 1924 sai ya nuna yana son zama limamin coci. To a lokacin babu makarantar da ke horar da irin waɗannan limamai a Ubangi-Shari, kamar yadda ake kiran ƙasarmu a da. Kuma yaro ba ya tashi haka kawai ya ƙwanƙwasa ƙofar irin wannan makaranta, sai shugaban mishan ya tsaya masa, ya shaidi halinsa, ya kuma ɗauki nauyinsa. Shugaban mishan na Bangui, Jean-René Calloc'h, shi ne ya tura shi makarantar Lemfu da ke kudu da Kinshasa ta yau, a ƙasar Kwango da ke hannun Beljiyam. Yaro ɗan shekara 14 ya tarar da wata gwamnati daban, da wasu limamai daban na ɗariƙar Jesuit, ga darussan Latin da lissafi da tarihi da falsafa.

Zaman Lemfu bai yi masa daɗi ba, don haka bai cika shekarun da aka ɗiba ba ya nemi canji. Ya yi ƙoƙarin samun makaranta a Faransa, amma rashin kuɗi ya hana. Wannan matsala ce da iyaye da yawa a cikinmu suka sani: yaro na da ƙoƙari, takardu sun cika, amma aljihu ya ƙi. Boganda bai naɗe hannu ba, sai ya karɓi abin da ya samu, ya shiga makarantar Barazabil, daga bisani ya dawo Bangui inda Marcel Grandin, wanda ya zama shugaban mishan, ya ci gaba da koyar da shi da kansa.

A 1931 Grandin ya samar masa gurbi a babbar makarantar Saint Laurent da ke Mvolyé a birnin Yawunde na ƙasar Kamaru. Shi ne ɗan Ubangi na farko da ya shiga wannan makaranta, wadda André-Marie Mbida, firaministan Kamaru na farko, shi ma ya yi karatu a cikinta. A watan Maris na 1938 aka naɗa Boganda limamin coci, ɗan ƙasa na farko da ya kai wannan matsayi, wato kusan shekara 14 bayan tafiyarsa Lemfu.

Ya yi aiki a Bangui da Grimari da Bangassou, inda ya riƙa ganin aikin tilas da noman audugar dole da ake sa talakawa. A watan Nuwamba na 1946 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Faransa. A 1949 ya kafa jam'iyyar MESAN mai manufofi biyar: ciyarwa, tufatarwa, warkarwa, ilmantarwa da samar da muhalli. Cocin ya raba shi da aikin limanci, a 1950 kuma ya auri wata Bafaranshiya mai suna Michelle Jourdain. Ya kafa ƙungiyar manoma a Lobaye don su daina sayar da amfanin gonarsu a wulaƙance, kuma a 1951 hukuma ta tsare shi saboda wata rigima a kasuwar ƙauye. Ya zama magajin garin Bangui a 1956, ya shugabanci babbar majalisar ƙasashen yankin da ke Barazabil a 1957.

Da yake ya zauna da mutanen Kwango da na Kamaru, burinsa shi ne a haɗa ƙasashen tsakiyar Afirka su zama ƙasa guda, ba a tsattsaga su ba. Abokan siyasarsa ba su yarda ba, sai ya shelanta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a Ubangi-Shari kaɗai ranar 1 ga Disamba 1958. Mu da muke kwana a Garoua-Boulaï da Béloko muna jiran takardun kwastan, mun fi kowa sanin abin da aka rasa. Ya rasu ranar 29 ga Maris 1959 a haɗarin jirgin sama kusa da Boda, kan hanyarsa daga Berbérati, bai ga ranar 'yancin kai ta 13 ga Agusta 1960 ba.

Mu Musulmi ne, kuma makarantun da ya bi na masu neman limancin coci ne, ba hanyar 'ya'yanmu ba. Duk da haka, mai shirin tura ɗansa karatu ƙetare, ko a makarantar mishan ko ta gwamnati, ya lura da abin da ya ɗauki Boganda: harshen da ake karatu da shi, da amintaccen mutumin da zai tsaya wa yaro, da guzuri, da haƙurin karɓar ƙaramar dama idan babbar ta kuɓuce. Ya kuma bincika dokokin makarantar game da ibada kafin ya biya ko sisi.

Babban abin da ya bar mana shi ne taken da ya riƙe da harshen Sango, mai nuna cewa kowane mutum mutum ne. Wanda ya ɗanɗani baƙunci a Lemfu da Barazabil da Yawunde ne ya zo da wannan magana. Mu mazauna Kilomita Biyar, da aka riƙa kira baƙi a rikicin 2013 da 2014 alhali an binne kakanninmu a nan, muna da haƙƙi a cikinta kamar kowane ɗan ƙasa, kuma ya kamata mu koya wa 'ya'yanmu tarihin mai ita.