LIKITA ADEOYE LAMBO, WANDA YA MAI DA ƘAUYE ASIBITI

Duk mutumin Arewa da ya zauna Abekuta ko Ikko ya san cewa in aka ce an kai wane Aro, to, ba a ƙara tambaya. Har sunan ya zama abin tsokana a bakin 'yan tasha. Amma ba kowa ya san mutumin da ya ɗaukaka wurin ba, watau Likita Thomas Adeoye Lambo.

An haifi Lambo a Abekuta ran 29 ga watan Maris, 1923. Bayan ya gama makarantar Baptist ta garin, sai ya tafi Ingila ya koyi aikin likita a Jami'ar Birmingham, sa'an nan ya ƙware kan ciwon taɓin hankali a asibitin Maudsley na birnin London. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan ƙwarewa.

Da ya komo gida cikin 1954, abin da ya tarar ba daɗin ji. Mai taɓin hankali a zamanin, ko dai a kulle shi a gidan mahaukata wanda ba shi da maraba da kurkuku, ko kuwa dangi su ɓoye shi don kunya, su yi ta yawo da shi wurin bokaye. Ginin asibitin Aro ma bai ƙare ba. Lambo bai tsaya jira ba. Ya nemi yardar dattawan ƙauyukan da ke kewaye, aka shirya a riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutane ana biyan kuɗin haya. Sharaɗin shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan'uwansa, galibi uwa ko inna ko ƙanwa, wadda za ta dafa masa abinci, ta yi masa wanki, ta raka shi wurin likita da safe. In an gama magani ya koma ƙauye ya zauna cikin jama'a kamar kowa. Da haka mutanen da dā ke gudun asibiti suka soma kawo nasu da kansu, tun da sun ga ba raba su za a yi ba.

Abin da ya fi jawo magana shi ne yadda ya jawo masu maganin gargajiya na Yarbawa cikin aikin. Dalilinsa kuwa a fili yake: wurinsu majinyaci ke fara zuwa, su ya yarda da su, kuma ba zai daina ba don likita ya hana. Gara a yi aiki tare a ƙarƙashin idon asibiti.

Cikin 1961 ya tara likitocin ƙwaƙwalwa na ƙasashen Afirka a Abekuta, taro na farko irinsa. Ya zama shugaban Jami'ar Badun daga 1968 zuwa 1971, daga nan ya wuce Ƙungiyar Lafiya ta Duniya a Janiba, inda ya kai matsayin mataimakin babban darekta, ya riƙe shi har 1988.

Lambo ya rasu ran 13 ga watan Maris, 2004, yana da shekara 80. Asibitin Aro na nan a hannun Gwamnatin Tarayya, yana karɓar marasa lafiya daga ko'ina cikin ƙasar nan.