NANA ASMA'U 'YAR SHEHU: MAI WAƘAR DA BA TA MANTA ALHERI BA

A wannan mako filinmu na tarihin magabata zai leƙa Sakkwato ne, domin mu kawo muku labarin marigayiya Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kowa ya san ta da ilmi da karantar da mata. Amma akwai wani hali nata da ba a cika faɗa ba, watau yadda ta mai da alƙalaminta abin nuna godiya, ga Allah da kuma ga bayinsa, manya da ƙanana.

An haifi Asma'u a Ɗegel cikin shekarar 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifiyarsu Maimuna ta rasu tun suna ƙanana, saboda haka sauran matan Shehu ne suka rene ta. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, daga nan kuma jama'ar Shehu suka shiga shekarun yaƙi da yunwa da yawo daga wannan sansani zuwa wancan, har aka ci Alƙalawa a 1808. Cikin wannan hali ta yi karatunta, cikinsa kuma aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Abin da aka samu na rubuce-rubucenta ya kai wajen 60.

Duk wanda ya duba waƙoƙinta zai tarar galibi da godiya ga Allah take buɗewa, ta rufe da salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. To, wani zai ce ai wannan al'adar malaman zamanin ce, kowa haka yake yi. Gaskiya ne. Sai dai ita abin bai tsaya a baitin farko ba. Game da nasarar da Sarkin Musulmi Bello ya yi a yaƙin Gawakuke a 1836, ta yi waƙa ta mayar da nasarar ga taimakon Allah. Tana kuma da waƙa guda wadda ta keɓe ga godiya a kan samun lafiya bayan ciwo.

Haka nan ba ta ɓoye inda ta ɗebo ilmi ba. Tabbat Haƙiƙa waƙar mahaifinta ce da Fulatanci, ita kuwa ta mai da ita Hausa a 1831 domin talakawa su ji. Waƙarta ta Tawassuli ga Mata Masu Albarka daga wani littafin Bello ta samo tushe. A cikinta ta jero matan Annabi da waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya, sa'an nan ta sauko ta ambaci matan jama'ar Shehu waɗanda ita kanta ta sani. Bayan rasuwar Bello a Wurno cikin 1837, ita da mijinta suka duƙufa wajen rubuta tarihin Shehu da na Bello, don kada a manta da su da mutanen da suka taimake su. Daga wannan aiki aka sami waƙarta ta Filitago, wadda aka fi sani a Hausa da Waƙar Gewaye.

Amma inda halin nan nata ya fi fitowa fili shi ne cikin marsiyyoyinta, watau waƙoƙin da ta yi wa mamata. Ta yi wa Bello, ta yi wa Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha matar Bello. Wannan ba abin mamaki ba ne, 'yan gida ne kuma manya ne. Abin lura shi ne ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace wadda ba sarauta gare ta ba, ta yabe ta da kirki da kyakkyawan zama da mutane. Ta yi wa Zaharatu, wadda aikinta shi ne zuwa wurin mata masu naƙuda da yi wa mamata wanka. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajis ɗinta, wadda ta yi shekaru tana jagorantar mata zuwa wurinta ɗaukar karatu. Da ba don waɗannan waƙoƙi ba, da yau ba wanda zai san an taɓa yin waɗannan mata a duniya.

A nan ya kamata mu bambanta godiya da roƙo. Maroƙi rayayye yake wasawa, mai riga da doki, yana kuma duban abin da zai fito daga aljihu. Asma'u kuwa 'yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, ba abin da take nema wurin Halima ko Zaharatu, balle ma sun riga sun kwanta dama. Ta ga dai an yi alheri ne, ta ga kuma bai kamata a binne shi tare da mai shi ba. Ku da ke zaune a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Fatakwal, nesa da dangi, kun fi kowa sanin darajar matar da za a buga wa ƙofa da tsakar dare idan haihuwa ta zo, ko idan an yi rashi. Sau nawa ake tunawa da sunanta bayan an watse?

Su jajis ɗin nan da muka ambata su ne shugabannin ƙungiyar 'Yan Taru wadda Asma'u ta kafa. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa mata malfa, ita kuma ta riƙa tattaro matan ƙauyuka tana kawo su Sakkwato, su koyi waƙoƙin addini su koma su koya wa na gida. Sukan zo da sadaka, kamar hatsi da zuma da man shanu, Asma'u kuwa sai ta rarraba wa mabukata.

Allah ya yi mata rasuwa a 1864, tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. A 1997 wasu Turawa mata biyu, Jean Boyd da Beverly Mack, suka tattara rubuce-rubucenta cikin littafi guda aka buga a Amurka, kuma marsiyyar Halima da ta Zaharatu suna ciki tare da ta Sarkin Musulmi Bello. Allah ya jiƙansu baki ɗaya, amin.