Waliyiya Josephine Bakhita: An Sace Ta, Amma Allah Bai Manta da Ita Ba

Ranar 8 ga Fabrairun kowace shekara, Ikilisiya takan tuna da Waliyiya Josephine Bakhita. Mu da ke zaune tsakanin Funtua da Malumfashi, inda manomi ke tafiya gona da fargabar masu garkuwa da mutane, labarinta ba baƙo ba ne a kunnenmu.

An haife ta wajajen 1869 a yankin Darfur na ƙasar Sudan. Ba ta kai shekara goma ba masu farautar bayi suka sace ta. Tsananin firgita ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Waɗanda suka sace ta ne suka laƙaba mata Bakhita, wato mai sa'a da Larabci. Aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu. A gidan wani hafsan sojan Turkiyya aka yi mata tsaga 114 a jiki, ana cusa gishiri a cikin raunukan.

A 1883 ƙaramin jakadan Italiya a Khartum ya saye ta, daga baya ya tafi da ita ƙasarsu, inda ta zama mai reno a wani gida. A birnin Venis, wurin sistocin Kanossa, ta ji Bishara. Tun tana yarinya takan dubi rana da taurari tana tunanin wanda ya yi su, sai ga shi ta san shi, ta kuma ji cewa shi ma an yi masa bulala.

Da uwargijiyarta ta so komawa da ita Sudan, Bakhita ta ƙi. A Nuwamba 1889 kotu ta tabbatar mata da 'yancinta. Aka yi mata baftisma ranar 9 ga Janairu 1890, ta ɗauki wa'adin zama sista a 1896. Daga 1902 ta zauna a garin Schio tana girki da tsaron ƙofa, har ta rasu a 1947 bayan doguwar jinya. Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana ta waliyiya a 2000.

'Yan'uwa, mu lura da abu biyu. Bakhita ta gafarta wa waɗanda suka azabtar da ita da zuciya ɗaya, kuma ita ce ta tsaya tsayin daka ta ƙi komawa bauta. Gafara ba ta hana neman adalci. Tabonta bai goge ba har mutuwa, amma ba ta bar ɗacin rai ya zama ubangidanta na ƙarshe ba.

A cikinmu akwai waɗanda suka dawo daga daji, akwai masu jiran nasu har yau. Kada mu gaggauta yi musu wa'azi. Mu zauna tare da su, mu taya su noma, mu ambaci sunayen waɗanda aka sace cikin addu'a. Allahn da ya riƙe sunan da Bakhita ta manta yana riƙe da nasu.