KYAFTIN GLOVER DA DAKARUN HAUSAWA NA IKKO

Duk wanda ya bi ta Bompai da sassafe, ya ji ana busa bigila a hedkwatar 'yan sanda, ko ya ga tsohon soja zaune a ƙofar wata masana'anta a Sharaɗa yana gadi, da wuya ya kawo a ransa cewa waɗannan abubuwa suna da nasaba da wani Baturen jirgin ruwa wanda bai taɓa taka Kano ba. Sunan wannan Bature John Hawley Glover. A wannan ɗan bayani za mu duba rayuwarsa, musamman ƙungiyar dakarun da ya kafa a Ikko da sunan Hausawa, domin ita ce ta sa ya shiga tarihinmu.

An haifi Glover a Ingila a shekarar 1829. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya shiga aikin sojan ruwa, ya yi yaƙi a ƙasar Bama inda aka yi masa rauni a 1853. A 1857 ya biyo tawagar Dakta Baikie wadda ta zo binciken kogin Kwara. Jirginsu mai suna Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse, tawagar ta yi zaman dole a bakin kogi fiye da shekara guda. A wannan zama ne Glover ya riƙa ratsa ƙasar Yarbawa da ƙafa tsakanin Kwara da Ikko, a hanya kuwa ya haɗu da bayi 'yan Arewa da suka gudo daga iyayengijinsu, waɗansu suka bi shi suna ɗaukar masa kaya suna kuma tsaronsa.

Ya kamata a tsaya a nan a tambaya, me ya kai Hausawa bauta a Kudu? Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa mutane da yawa cikin kasuwar bayi. Aka riƙa gangarawa da su ta Nupe da Ilori zuwa ƙasar Oyo, inda aka san su da kiwon dawaki da wanzanci da tufkar igiya. Waɗansu ma har Bahiya ta ƙasar Barazil aka kai su, inda suka yi ta tayar wa masu gonakin rake da hankali. Waɗanda suka rage a gaɓar teku mutane ne marasa dangi a wurin, ba su da gari, ba su da sarki, harshensu da addininsu kuma sun bambanta da na masu ƙasa.

Wannan maraicin shi ne abin da Glover ya hango. Ingila ta karɓe Ikko daga hannun Sarki Dosunmu a 1861, a 1863 kuma aka danƙa wa Glover riƙon mulkin garin. Ba shi da isassun sojoji, waɗanda ake kawowa daga tsibiran Karibiyan kuwa suna da tsada. Sai ya tara mutum 18 daga cikin gudaddun bayin nan, ya ba su bindiga da jar dara, ya koya musu fareti. Ba a daɗe ba suka kai ɗaruruwa. Tun farko ba rundunar soja ba ce sosai, ba kuma 'yan sanda ba ce zalla. Dakarun gari ne, masu tsaron gidan gwamna da kasuwa, in yaƙi ya taso kuma a tura su. Mutanen Ikko suka raɗa musu suna ɓarayi arba'in na Glover, wanda ya nuna irin zaman da ke tsakaninsu da jama'ar gari.

A ganina kuskure ne a ɗauki Glover a matsayin mai tausayin bayi kawai, kamar yadda matarsa ta zana shi a littafin da ta rubuta a kansa a 1897. Abin da yake bukata shi ne mutanen da za su harba bindiga a kan Egba ko Ijebu ba tare da tunanin ɗan'uwa na cikin taron ba. Amma kuma in za a yi adalci, ga bawan da ya tsere, jar darar nan ita ce takardar 'yancinsa, don ubangijinsa ba shi da ikon kama wanda ke cin albashin Sarauniya. Kowa da abin da ya kai shi kasuwar. A 1865 aka gwada su, lokacin da Glover ya kori mayaƙan Egba da suka kewaye Ikorodu. Ya ci gaba da mulkin Ikko har 1872, yana shimfiɗa tituna yana sa fitilu, yana kuma rigima da Abekuta da Ijebu a kan hanyoyin ciniki, har 'yan kasuwa suka gaji da shi.

Babban aikin dakarun ya zo a 1873, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Tonawa a Gwalkwas. Janar Wolseley ya ja babbar runduna daga bakin teku, aka kuma ba Glover izinin tara mayaƙa ta wajen kogin Volta. Ya kwaso Hausawansa daga Ikko, a Ankara kuma ya riƙa biyan iyayengiji kuɗin fansa don ya ƙara samun bayi su shiga sahu. Sarakunan yankin da suka yi masa alkawarin dubban mutane yawancinsu sun zame, Hausawan ne suka bi shi cikin kurmi. Ya shiga Kumashi ranar 12 ga Fabrairu 1874, ya tarar Wolseley ya riga ya ƙone garin ya juya. Duk da haka labarin tahowarsa ta gabas na cikin abin da ya sa Sarki Kofi Karikari ya nemi sulhu. Aka ba shi lambar girma, aka naɗa shi gwamna a Newfoundland da tsibiran Leeward. Ya rasu a Landan ranar 30 ga Satumba 1885. Har yanzu akwai zauren taro mai sunansa a Ikko.

Abin da ya bari ya fi ƙarfin zaure. Bayan yaƙin Kumashi, Turawa suka yi imani cewa Bahaushe soja ne tun daga haihuwa. Jamusawa a Togo da Kamaru, da mutanen Sarki Leopold a Kwango, kowa ya shiga neman Hausawa. Da bukata ta yi yawa, sai kalmar ta sake ma'ana a bakinsu. Banufe da Babarbare da Bagwari da Bagurunshe, duk wanda ya sa dara ya ji umarni da Hausa, a rajista Bahaushe ne. Kamfanin Neja ya kafa tasa rundunar a 1886 bisa wannan tsari, da ita ya ci Bida da Ilori a 1897. Lugga kuma ya haɗa rundunar Afirka ta Yamma, ya yi sansani a Jebba, wato wurin da jirgin su Glover ya nutse shekara arba'in kafin nan.

Daga nan sai ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. A ƙarshen Janairu 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da Turawa 'yan kaɗan da baƙaƙen sojoji kimanin 700. Suka fasa Bebeji, suka haye kogin Challawa, wanda unguwar masana'antu ta ci sunansa daga baya, suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Ba dakarun Ikko ne suka yi wannan yaƙi ba, domin su an mayar da su bataliyar Ikko. Amma dabarar ta Glover ce, kuma da Hausa sajan-sajan suka riƙa isar da umarnin harbi a bakin ganuwa. A 1914 aka haɗe rundunonin Kudu da Arewa, shi ya sa sojojin Nijeriya suke ƙirga shekarunsu daga 1863.

Ga ɗalibin harshe, gadon da ya fi jan hankali shi ne Barikanci. Da yake hafsoshin Ingila sai sun ci jarrabawar Hausa, kuratan kuma daga ƙabilu daban-daban suke, sai aka sami wata Hausa ta bariki wadda ta yar da bambancin jinsi, ta kuma sassauta baƙaƙe masu ƙugiya. Ta wannan ƙofa kalmomi irin su soja, kofur, saje, samanja, laftanan, manjo, fareti, bigila da gadi suka shigo har cikin ɗakin tsohuwa. Wannan Hausa ta je Afirka ta Gabas a yaƙin duniya na farko, ta je Bama a na biyu, ƙasar da Glover ya fara zubar da jininsa. Daga baya Turanci ya ture ta daga matsayinta na hukuma. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun kwanta dama. Saura 'yan mazan jiya na yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, waɗanda suka koyi fareti a hannunsu, kuma waɗansunsu suna nan suna gadin masaƙun da suka daina aiki a Sharaɗa da Challawa da Bompai. Daga harabar jami'a zuwa wurinsu tafiyar A Daidaita Sahu ɗaya ce ko biyu, ga mai na'urar ɗaukar magana da ɗan goro.